Édouard Mendy: Daga layin marasa aikin yi zuwa kofin Zakarun Turai

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a filin makaranta ko a unguwa ya san yadda ake yi idan an zo rabon wuri. Kowa na son gaba, kowa na son ya ci ƙwallo a yi masa ihu. Da zarar an ce “wa zai tsaya gola?” sai a yi tsit, kowa ya kau da kai. A ƙarshe sai a tura mafi ƙanƙanta, ko wanda ya zo a makare. Idan an yi nasara ba mai tunawa da shi, idan kuwa aka sha kashi, shi ne mai laifi.

A wannan makon mun kawo muku labarin mutumin da wannan wuri ya zama sana'arsa, wato Édouard Mendy, mai tsaron gidan Senegal. Da yawa daga cikinku sun san shi a gidajen kallon ƙwallo, lokacin da yake tsare ragar Chelsea. Amma shekara shida kafin ya je can, ba shi da ƙungiya, ba shi da albashi, sunansa na cikin rajistar masu neman aiki a Faransa, kuma saura ƙiris ya rataye safar hannunsa ya koma tsaron shago.

Yaron Le Havre

An haifi Mendy ranar 1 ga Maris, 1992, a garin Montivilliers da ke kusa da Le Havre, wani birnin bakin teku a arewacin Faransa. Mahaifiyarsa 'yar Senegal ce, mahaifinsa kuma ɗan Gini Bissau. A ƙananan ƙungiyoyin unguwa ya fara wasa, daga baya ya samu shiga makarantar horar da yara ta ƙungiyar Le Havre. Wannan makaranta ta yi suna ƙwarai, domin Paul Pogba da Dimitri Payet da mai tsaron gida Steve Mandanda duk sun bi ta cikinta.

Sai dai shiga daban, samun wuri daban. Akwai wani yaro sa'ansa, Zacharie Boucher, wanda masu horarwa suka fi amincewa da shi. A nan ne Mendy ya fara ɗanɗana abin da ya bambanta gola da sauran 'yan wasa. Ɗan wasan tsakiya idan bai samu gurbinsa ba, ana iya gwada shi a gefe ko a baya, ko a sa shi a minti ashirin na ƙarshe. Raga kuwa mutum ɗaya take ɗauka. Na biyu zai iya yin shekara guda cur a benci, yana atisaye kullum, ba tare da ya taɓa ƙwallo a wasan gaske ba.

Da ya ga ba hanya, sai ya koma wata ƙungiyar 'yan sa-kai a cikin birnin, inda aƙalla zai riƙa buga wasa. A shekarar 2011, yana da shekara 19, ya koma Cherbourg, wadda a lokacin take rukuni na uku na gasar Faransa. Ya yi shekara uku a can. Ƙungiyar ta yi ta gangarowa ƙasa, sannan a 2014 kwantiraginsa ya ƙare.

Wayar da ba a ɗauka ba

A lokacin Mendy bai damu sosai ba, saboda yana da wakili, irin mutanen nan da ke nema wa 'yan wasa ƙungiya su karɓi kamasho. Wakilin ya yi masa alkawarin wata ƙungiya a Ingila, ya ce ya kwantar da hankalinsa. Mendy ya zauna jira. Kwanaki suka zama makonni. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya tura saƙo, shiru. Kafin ya farga an rufe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa, kowace ƙungiya ta kammala ɗaukar wanda za ta ɗauka.

Haka ya tattara kayansa ya koma gidan iyayensa a Le Havre yana da shekara 22. Ya je ofishin gwamnati da ke yi wa marasa aikin yi rajista, ya bi layi kamar kowa, aka rubuta sunansa domin ya riƙa karɓar ɗan tallafi. Ga shi kuma ana sa ran haihuwar ɗansa na fari.

Ku tsaya ku auna wannan hali. A harkar ƙwallo, mai shekara 22 ba yaro ba ne. Wasu daga cikin waɗanda suka taso tare da shi sun riga sun yi nisa. Pogba, wanda Mendy ya girme shi da shekara guda, yana Juventus a lokacin, kuma ya buga wa Faransa gasar kofin duniya a 2014. Shi kuwa Mendy ba shi da ƙungiya.

Abin da ya yi a wannan shekara shi ne zuciyar labarinsa. Ya koma Le Havre, ƙungiyar da bai samu wuri a cikinta ba tun yana yaro, ya nemi a bar shi ya riƙa atisaye tare da 'yan wasanta na ajiya. Ba albashi, ba alkawarin komai. Yana gama wannan ya wuce ɗakin motsa jiki, wani lokaci kuma ya fita fili ya ƙara horo. Haka ya yi wata da watanni, alhali babu wasan da yake shiryawa dominsa, babu kuma wanda ya ce masa gobe za a kira shi.

Da shekara ta zagayo ba labari, sai ya fara duba wata hanyar neman abinci. Wani abokinsa mai shagon sayar da tufafin maza ya yi masa tayin aiki, kuma ya kusa karɓa.

Gola na huɗu

A daidai wannan lokaci, a shekarar 2015, ƙungiyar Marseille da ke kudancin Faransa tana neman mai tsaron gida da zai cike gurbi. Wani tsohon abokin wasan Mendy a Cherbourg, Ted Lavie, ya ambaci sunansa ga Dominique Bernatowicz, mai horar da matasan masu tsaron gida na ƙungiyar. Aka kira shi gwaji.

Da a ce ya shafe shekarar nan yana kwance yana zagin wakilin da ya yaudare shi, da gwajin kwana kaɗan ya tona masa asiri. Jiki ba ya ƙarya: wanda ya bar horo wata goma sha biyu, nauyin ƙafarsa da jinkirin hannunsa za su nuna tun a ranar farko. Mendy ya isa Marseille a shirye, aka ɗauke shi.

Kada ku ɗauka wani babban matsayi aka ba shi. Shi ne gola na huɗu, a kan kwantiragin shekara guda da mafi ƙarancin albashi, kuma a ƙungiyar ajiya yake buga wasa. Amma yanzu yana atisaye kusa da Mandanda, wanda shi ne na ɗaya a ƙungiyar, yana kallon yadda ƙwararre ke tsayuwa, yadda yake fita tarar ƙwallo, da yadda yake yi wa 'yan baya magana.

Bayan shekara guda sai ya yanke shawarar barin babbar ƙungiya mai suna, ya tafi inda yake ganin zai fi kusa da raga. A 2016 ya sa hannu a Reims, wadda take rukuni na biyu. Wannan ne kwantiraginsa na farko a matsayin cikakken ƙwararren ɗan wasa, yana da shekara 24.

Minti biyar

A Reims ma a benci ya fara, a bayan Johann Carrasso. A wasan farko na kakar, da Amiens, ba a yi minti biyar da farawa ba alƙalin wasa ya ɗaga wa Carrasso jan kati. Mendy ya miƙe daga benci, ya sa safar hannu ya shiga. Haka damar gola take zuwa, ba sallama, ba gargaɗi.

Wasanni kaɗan ya buga a wannan kaka, amma sun isa su nuna ko shi wane ne. A kakar 2017 zuwa 2018 ya zama na ɗaya, Reims ta lashe gasar rukuni na biyu ta hau zuwa na farko, kuma a fiye da rabin wasannin da ya tsaya ba a zura masa ƙwallo ba. A kaka ta gaba ya buga dukkan wasanni 38 na gasar Ligue 1, ya fita daga 14 ba tare da an ci shi ba, Reims ta ƙare a matsayi na takwas.

A watan Nuwamba na 2018 ya fara tsare ragar Senegal, ƙasar mahaifiyarsa, bayan Gini Bissau ma ta neme shi. Ya je gasar kofin Afirka ta 2019 a Masar a matsayin na ɗaya, sai ya ji ciwo a yatsa tun ana wasannin rukuni, ya bar gasar. Ba ya cikin fili lokacin da Aljeriya ta doke Senegal da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe.

A wannan shekarar ya koma Rennes. Annobar korona ta sa aka dakatar da gasar Faransa kafin lokaci, Rennes tana matsayi na uku, abin da ya ba ta damar shiga gasar Zakarun Turai a karon farko a tarihinta.

Daga Rennes zuwa Landan

A lokacin Chelsea na fama da matsalar raga. Ta sayi Kepa Arrizabalaga a 2018 a kan fam sama da miliyan 70, kuɗi mafi yawa da aka taɓa biya domin mai tsaron gida, amma ƙwallaye na ta shiga. Petr Čech, tsohon golan ƙungiyar wanda ya zama mai ba ta shawara, yana cikin waɗanda suka ce a ɗauko Mendy. Shi kansa Čech daga Rennes ya zo Chelsea a 2004. A watan Satumba na 2020 aka kammala ciniki a kan kusan fam miliyan 22.

Masu tsaron gida 'yan Afirka ba su cika samun irin wannan matsayi a manyan ƙungiyoyin Turai ba, duk da cewa an yi gwanaye. Thomas N'Kono na Kamaru ya daɗe a Espanyol ta Sifaniya, kuma shi ne ya burge Gianluigi Buffon tun yana yaro har ya zaɓi tsaron gida. Vincent Enyeama na Najeriya ya yi wasa 11 a jere a Lille a 2013 ba a ci shi ba. Duk da haka, lokacin da Mendy ya isa Landan, shi kaɗai ne gola ɗan Afirka a gasar Firimiya.

A kakarsa ta farko ya buga wasa 12 a gasar Zakarun Turai. Ƙwallo uku kacal aka zura masa, kuma a wasa tara ragarsa ba ta motsa ba. Na taran shi ne wasan ƙarshe, ranar 29 ga Mayu, 2021, a birnin Porto na Fotigal, inda Chelsea ta doke Manchester City da ci ɗaya da nema ta ƙafar Kai Havertz. Rabon da gola ɗan Afirka ya ɗaga wannan kofi tun 1984, lokacin Bruce Grobbelaar na Zimbabwe a Liverpool.

Daren Yaounde

A watan Janairu na 2022, Mendy na Kamaru tare da tawagar Senegal, hukumar FIFA ta bayyana shi a matsayin gwarzon mai tsaron gida na duniya na 2021, a gaban Gianluigi Donnarumma da Manuel Neuer. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya karɓi wannan kyauta.

Amma akwai bashin da ya rage. Senegal ba ta taɓa cin kofin Afirka ba. Ta kai wasan ƙarshe a 2002 da 2019, duka ta sha kashi. Kocinta, Aliou Cissé, yana cikin waɗanda suka ɓarar da fanareti a wasan 2002.

Ranar 6 ga Fabrairu, 2022, aka kara da Masar a filin Olembé da ke Yaounde. Tun a farkon wasa Sadio Mané ya buga fanareti, golan Masar ya tare. Kafin hutun rabin lokaci Mohamed Salah ya sheƙa wata ƙwallo, Mendy ya ture ta. Aka yi minti 120 ba ci, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Bugu uku-uku na farko sun bar ƙasashen biyu kunnen doki, kowace ta ɓarar da ɗaya. Senegal ta ci na huɗu. Mohanad Lasheen na Masar ya ajiye tasa ƙwallon, ya buga, Mendy ya faɗa ɓangaren da ta nufa ya tare ta. Mané ya zo ya ci ta ƙarshe, aka tashi huɗu da biyu, Salah bai ma samu bugawa ba. Aka ba Mendy kyautar gwarzon gola na gasar. Kafin mako ya zagayo ya isa Abu Dhabi, ya tsaya wa Chelsea a wasan da ta doke Palmeiras ta Brazil ta ɗauki kofin duniya na ƙungiyoyi.

Ranar da abin ya ɓaci

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi daidai. Mako uku bayan daren Yaounde, Chelsea ta haɗu da Liverpool a wasan ƙarshe na kofin Carabao a Wembley. Mendy ya yi ta tare ƙwallaye har aka cinye lokaci ba ci. Ana dab da bugun fanareti sai koci Thomas Tuchel ya cire shi ya sa Kepa, kamar yadda ya taɓa yi a kan Villarreal a 2021 aka dace. Wannan karon ba a dace ba: Liverpool ta ci duka goma sha ɗaya, Kepa ya buga tasa ta tashi sama. Mendy na gefen fili yana kallo.

A watan Afrilu kuma kuskuren nasa ne. A wasa da Real Madrid a Stamford Bridge, ana dawowa daga hutu, ya fito wajen da'irarsa ya miƙa wa Antonio Rüdiger ƙwallo da rauni. Karim Benzema ya ƙwace ya jefa ta a ragar da ba kowa. Da aka haɗa sakamakon wasa biyu, Madrid ta wuce da ci biyar da huɗu. Tazarar ƙwallo ɗaya ce.

Ɗan wasan gaba zai iya ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Gola zai tare biyar, ta shida ta kuɓuce masa, ita kaɗai za a riƙa nunawa. Wanda bai iya haɗiye wannan ya dawo fili washegari ba, ba zai daɗe a sana'ar ba.

A kakar da ta biyo baya rauni ya dame shi, Kepa ya karɓe gurbin. A 2023 Mendy ya koma Al-Ahli ta Jidda a Saudiyya. Wasu suka ce tasa ta ƙare. A watan Mayu na 2025 Al-Ahli ta doke Kawasaki Frontale ta Japan da ci biyu da nema, ta lashe kofin zakarun nahiyar Asiya a karon farko, Mendy na cikin raga.

Ga mai sha'awar tsayawa gola

Ragar manya tana da faɗin mita 7.32 da tsawon mita 2.44, kuma daga mita 11 ake buga fanareti. Doka ta ce dole aƙalla ƙafa ɗaya ta gola ta kasance a kan layi, ko daidai da shi, ko a bayansa, lokacin da aka buga.

A 1992, shekarar da aka haifi Mendy, aka hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Tun daga lokacin ƙafa ta zama rabin aikin mai tsaron gida. Idan kana son wannan wuri, ka riƙa shiga atisayen ba-ni-in-ba-ka tare da sauran 'yan wasa, ka koyi bugu da dama da hagu.

Tun 2025, golan da ya riƙe ƙwallo a hannu fiye da daƙiƙa takwas, za a ba abokan hamayya bugun kusurwa. Saboda haka ka san wanda za ka ba kafin ƙwallon ta iso hannunka.

Gola ne kaɗai yake ganin fili gaba ɗaya a gabansa. Ka buɗe baki ka gaya wa 'yan bayanka inda haɗari yake. Ƙwallon da aka hana tun daga nesa ta fi wadda aka tare da tsalle.

Idan wani ya zo ya ce shi wakili ne, zai kai ka Turai, kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Ka sanar da iyayenka da malamin wasanninku, a bincika ko yana da lasisi, a ga takardar gayyata daga ƙungiyar da ya ambata. Wanda ya ce a fara biyansa kuɗi kafin gwaji, a yi hattara da shi. Mendy a Faransa yake, ya san harshen ƙasar, yana da gidan iyaye da zai koma da tallafin gwamnati, amma alkawarin baki ya cinye masa shekara guda. Yaron da aka yasar a baƙuwar ƙasa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kuma kada ka bar aji saboda fili. A duk yaran da ke shiga makarantun ƙwallo, kaɗan ne ke zama ƙwararru, kuma ko wanda ya zama, rauni ɗaya na iya tsayar da shi. Ranar da Mendy ya tsaya a layin neman aiki, abin da aka tambaye shi shi ne wane aiki ya iya.

Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mafi yawan gudun Mendy ya yi shi ne a lokacin da ba kyamara, ba 'yan kallo, ba ma tabbacin akwai zomon. Ko jarrabawa kake jira, ko gurbin karatu, ko kiran koci, ba ka da iko a kan ranar da za a kira sunanka. Abin da ke hannunka shi ne halin da za a same ka a ciki idan ranar ta zo.

Gobe idan aka tashi wasa aka ce “wa zai tsaya gola?”, wataƙila a samu mai ɗaga hannu.